Gayaunar Baba a Cikin Shinge

A shekarar da China ta karɓi wasannin Olamfik, na durƙusa wa mutum a tsakiyar filin jirgin sama na Baiyun da ke Guangzhou, gwiwa biyu a ƙasa, ina cewa, "Ranka ya daɗe, an sauka lafiya?" Sinawa na ratsa mu da akwatunansu, har wata ta tsaya tana duban ƙasa ko wani abu ne ya faɗi mini. Wallahi ban shirya durƙuson nan ba. Tun a mota nake gaya wa kaina hannu kawai zan ba shi, nan ba gida ba ne, ni ma mai zaman kaina ne, na yi shekaru ina sarin tufafi a kasuwar Guangyuan ina aika wa mutanen Kano. Amma ina hango hularsa ya fito, gwiwoyina suka yi abin da aka koya musu.

Mutumin babban ɗan hakimin ƙasarmu ne, shi aka damƙa wa dukiyar gidansu tun da tsohon ya kwanta ciwo. Ni kuwa ɗan Sarkin Gandu ne. Mahaifina ke kula da babbar gonar gidan hakimi, kamar yadda mahaifinsa ya kula da ita kafin shi. Abin da ya kawo ɗan hakimi Guangzhou waya ce mai ƙaya da turakun ƙarfe, yana so ya kewaye gandun gaba ɗaya. Kafin ya taso, yayata ta kira ni ta ce an ga masu awo suna ta kai da komo, kuma sun kafa jan ƙyalle a bayan gonar Baba, ba a gabanta ba. Ma'ana in aka ja shinge ta inda ƙyallen yake, gonar da muka ci muka girma ta shige ciki. Baba kuwa da ya kira, magana ɗaya ya yi mini: "Ka riƙe shi hannu bibbiyu, kada ka ba ni kunya."

Gandun nan, in ka tsaya a wannan bakin ba ka hango wancan. Kakan kakana ba da son ransa ya zo wurin ba, kawo shi aka yi, kowa a garin ya sani ko da yake a gidanmu ba a faɗa. Tsarin da ya tarar shi ne, daga safe zuwa azahar ƙarfinka na gandu ne, bayan azahar ka tafi gayaunarka, wato 'yar gonar da aka yanka maka a gefe, ka noma abin da za ka ci da iyalinka. Hatsin gandu rumbunan gidan hakimi yake tafiya, da shi ake ciyar da baƙi da malamai da duk wanda dare ya yi masa a zaure. Audugar kuma a kai birni. Da Turawa suka zo suka ce babu sauran bauta, ba wanda ya tashi, to ina za a? Sunan abin kawai aka canza. Aikin gandu ya koma gayya, a buga ganga, a tuƙa tuwo, a ce taimako ne aka zo yi.

Zamanin gyaɗa gandun ya yi ƙiba. Baba ya ce motoci layi suke yi suna jiran buhu. Da gyaɗa ta mutu, gayya ta bi ta, samari suka watse birni, sai 'yan ƙwadago da ba sa ɗaga fartanya sai sun ji nawa ne. Aka sayo tarakta, ta ɗan taɓa aiki ta tsaya, har na bar gida kaji ne ke ƙwai a ƙarƙashinta. Daga nan gandu ya zama abin yanka. Za a yi biki, a yanki gefe a sayar. An shiga zaɓe, a yanki gefe. Za a fitar da tsoho asibitin waje, a sake yanka. Baba na gani, shi ma ake kira ya nuna iyaka, ya dawo gida ya kasa cin tuwo.

Abu ɗaya ne bai canza a gidanmu ba. Duk kaka, mai gayauna zai zaɓi damin gero mafi kyau, ya ɗauka a ka, ba a jaki ba, ya kai ƙofar gidan hakimi ya sauke ya yi gaisuwa. Damin gaisuwa muke ce masa. Tun lokacin da soja suka yi dokar nan ta cewa ƙasa duk ta gwamnati ce, mutane suka fara zamewa. Wannan ya ce bana ba a samu ba, wancan ya ce ƙafa ke damunsa, shekara ta zagayo su yi shiru, gidan hakimi ma ya yi shiru. Aka wayi gari gidaje ƙalilan ke kaiwa, mu ne kan gaba. Waɗanda suka daina, yawancinsu gidajen gabas ne, Baba ba ya kiransu da komai sai marasa asali. Shi kuwa in ya sauke daminsa aka ba shi goro da tsohuwar riga, sai ya dawo yana tafiya kamar wanda aka naɗa.

To, shekarar ta yi wa baƙar fata zafi a Guangzhou. Da can in bizarka ta kusa ƙarewa sai ka leƙa Macau ka dawo da sabuwa. Saboda wasannin nan aka rufe ƙofar, aka ce kowa ya koma ƙasarsa ya nemo. Tawa ta ƙare ban fita ba, domin kayan mutane na hannuna ba a gama ɗinka su ba. 'Yan sanda na tsayawa a bakin jirgin ƙasa da ƙofar kasuwanni suna neman fasfo. Na koma kamar ɓera, ba na fita sai na leƙa hagu da dama. A cikin wannan hali na yanke shawarar zan yi wa ɗan hakimi hidima, irin hidimar da zai ji kunyar taɓa gonar Baba. Iyakar dabarar da Allah ya ba ni ke nan.

Na ajiye harkata. Ni ne ɗaukar jaka, ni ne tafinta, ni ne mai tare tasi. Cikinsa bai karɓi abincin Sinawa ba, sai na riƙa tuƙa tuwon semo da miyar kuka a ɗakina ina kai masa otal a kula. Rigunansa ma ni ke karɓowa in wanke in goge, don ya ce masu otal suna kashe masa aiki. Abokin zamana a ɗaki wani mutumin Maraɗi ne mai sarin takalma, bakinsa ba ya shiru. Kullum na ɗauki kular sai ya ce, "Uwargida, a gaida maigida." Wata rana ya dube ni da gaske ya ce, "Wai mi kake jira ya ba ka?" Na ce masa ba zai gane ba, abin gida ne. Ya ce shi ma a gida aka haife shi, ba a bishiya ba.

Wayar shingen ta yi wuya. Duk shagon da muka shiga sai a kaɗa mana hannu a ce "meyo", babu ke nan. Manyan masana'antun da ke yin ta suna arewacin China, an dakatar da su don iska ta yi kyau kafin wasanni. Da farko na ji daɗi a raina, na ce ga Allah nan ya kawo mafita. Sai na ji ɗan hakimi yana magana da wani a Dubai yana tambayar farashi, na gane wayar nan sai an saye ta, ko a hannuna ko a hannun wani. Na ce to gara a hannuna, ya zama ina da bakin magana. Na bi sawu, daga wannan ɗan dako zuwa wancan mai shago, har na gano wani laoban, wato mai kaya, a Foshan da ke da ita jibge a sito. Hanyar akwai shingen 'yan sanda. Na zauna a bayan mota na sunkuyar da kai ina karanta duk abin da na haddace, shi yana gaba yana ɗaukar hoton gadoji.

A siton na yi cinikin da ban taɓa yi wa kaina ba. Na tashi na fita, laoban ya biyo ni, na koma, na sake fita. Na sa aka warware naɗi aka gwada, na zaɓa masa mafi kyau a farashin ta ƙasa da ita. Ɗan hakimi ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai, ɗan Sarkin Gandu, ashe haka ka zama?" Kada ka so ka ga yadda na ji. Har a mota ina murmushi ni kaɗai kamar sakarai.

Ranar Juma'a muka yi salla a Masallacin Huaisheng. Da aka idar muka ratsa cunkoson 'yan Kano da 'yan Yamai da ke gaisawa a harabar, muka shiga wani ɗan shagon taliya na Sinawa Musulmi. Na ga ransa a sake yake, ya ci ya yi gumi, sai na ce, "Ranka ya daɗe, ina da 'yar magana."

Ya ce, "Faɗi mana."

Na ce, "An ce ƙyallen masu awo yana bayan gonar Baba."

Ya ajiye cokali ya goge baki. Ya ce, "Ai na ɗauka ka sani." Daga nan ya shiga yi mini bayani a hankali, kamar mai lallashin mara lafiya. Gandun ba ya ciyar da kansa. Ƙannensa sun fi a ƙirga, kowa jira yake tsoho ya rufe ido a raba, kuma in aka raba ba sauran gandu, sai filaye. Akwai wani kamfanin kaji da zai karɓi haya ya noma masara, amma sun ce sai fili ɗaya a dunƙule, a kewaye. Ya ce shi ƙoƙarinsa ya ceci abin da kakanni suka bari. Ban ce ƙarya yake ba, har yau ban ce ba.

Na ce, "To gidajen gabas fa? Na ji an ce shingen zai kauce musu."

Ya ce, "Waɗannan sun fi ƙarfinmu. Lauya ya ce sun daɗe suna noma ba su kawo komai ba, mu kuma ba mu tanka ba, in aka je kotu tasu ce. Ku kuwa kuna kawo dami. Damin shi ne shaidar cewa aro ne. Babanka da bakinsa ya faɗa a gaban dagaci da masu awo, ya ce tun da ya gaji mahaifinsa bai taɓa fashin shekara ba."

Na san yadda Baba ya faɗe ta. Na san ya gyara tsayuwa, ya dubi marasa asalin nan ɗaya bayan ɗaya kafin ya faɗa. Na ce, "Wato da Baba ya yi butulci, da yau yana da gona."

Ya ce, "Kada ka ɗauke ta haka."

Na ce, "To yaya zan ɗauke ta, a ka ko a jaki?"

Ya ce ba za su bar Baba ya wulaƙanta ba, an riga an yi magana da kamfanin za a ba shi gadin ƙofa. Na ce ƙofar zai ci? Na ce mutumin da ya san kowace kuka da kowane rami a gandun nan, shi za a ba kujera ya riƙa ɗaga wa motar kaji hannu? Muryata ta hau, mai shagon ya leƙo daga wurin tukunya, wasu 'yan Ghana a teburin gefe suka daina ci. Ɗan hakimi bai yi fushi ba, da ma ya yi. Kallona kawai ya yi da mamaki ya ce, "A gidanku ba a taɓa ɗaga mana murya ba." Ka san abin da na ce? Na ce, "Tuba nake, ranka ya daɗe." Na ɗauki jakarsa muka fita neman tasi.

Da la'asar na kira Baba. Yana gona, ina jin ƙarar fartanya a kusa da shi, lokacin ana maimai, wato noma na biyu. Na gaya masa komai. Na ce bana kada ya kai dami, ya tara sauran gidajen su je wurin lauya, ya ce gonar nan gumin kakanninsa ne, tun kafin a haifi wanda zai kewaye ta.

Ya ce, "Kai, China ta taɓa maka kai ne?"

Na ce, "Baba, za su karɓe gonar."

Ya ce, "In kai ƙarar gidan da ya raɗa mini suna? Hakimi yana kwance, bana ne ma ya fi buƙatar ya ji an sauke dami a ƙofarsa." Sannan ya tambaye ni ko baƙona yana samun abinci yadda yake so.

Na jefa salular a kan katifa. Na zagi gandun, na zagi wanda ya fara yanka gayauna, na zagi kaina. Da ina gida da na tsaya a bakin gonar nan da kaina, ko a ɗaure ni. Amma ina? In na kai kaina filin jirgi da matacciyar biza, tsarewa ce ta farko, sannan a hana ni dawowa, kayan mutane su lalace a hannun maɗinka, kuma da wannan harkar nake aika wa gida abin cefane. Yayata ta kira tana kuka tana cewa in yi wani abu, ni ne namiji. Na ce mata ina nan ina yi. Ba abin da nake yi, ina zaune ne a bakin gado ina kallon bango.

Ni na tsaya aka loda kwantenar. Mutumin Maraɗi ya ce in ƙi, in bar shi ya nemi wani. Na ce in na ƙi wani zai loda kafin magariba, kuma labari ya riga ni isa wurin Baba cewa ɗansa ya watsa masa ƙasa a ido. Ranar da ɗan hakimi zai tafi ban shiga filin jirgin ba, a bakin titi na tsaya saboda 'yan sanda. Ya ce Allah ya yi albarka, zai gaya wa Baba na iya aiki. Na ce amin.

Aka fara wasanni. Duk shagon da ka leƙa a Guangyuan talabijin ce a kunne, yaran shago sun bar ciniki suna ihu duk lokacin da aka rataya wa nasu zinare. Ni ban ga komai a ciki ba. Abokin zamana ya daina tsokanata, in na shigo sai ya turo mini shayi ya yi shiru. Wannan shirun ya fi tsokanar ci mini rai.

Kaka ta yi, Baba ya girbe geronsa, ya ɗauki dami a ka ya kai. Da rani kwantena ta iso. Shi aka kira ya nuna wa ma'aikata inda za su haƙa ramukan turaku, domin ba wanda ya san iyaka kamarsa. Yayata ta ce da aka zo daidai gonarmu bai tsaya ba, bai rage sauri ba, ya wuce yana nuna musu da sanda. Aka ba shi gadin ƙofar kamar yadda aka alkawarta, da rigar kamfani da ta yi masa yawa. Duk kiran da na yi masa a watannin nan, lafiya lau yake cewa, sai godiya, ana kyautata masa. Na daina tambaya don kada in faɗi abin da zai sa ya yi mini baki.

Sai ranar da aka yi ruwan shuka. Ina cikin kasuwa ina duba ɗinkin wasu riguna, na ga kiransa. Baba kuwa ba ya kira sai dai a kira shi. Na fita waje na toshe kunne ɗaya. Ya ce an sami ruwa, ƙasa ta jiƙu har ƙasa, gidajen gabas duk sun fita shuka. Ya ce wayar nan kowa yaba ta yake, ko ɗan akuya ba ya ratsawa. Na ce to. Ya yi gyaran murya, ya sassauta kamar akwai wani kusa da shi.

Ya ce, "Ka tambayar mini Basinen nan da ya sayar muku. Wayar tasu, shekara nawa take yi kafin tsatsa ta ci ta?"

Ban buƙaci tambayar kowa ba. A siton nan akwai mai araha da damina kaɗan ke cinyewa, ita ɗan hakimi ya fara nunawa, ni na ture ta na ce a kawo wadda ba ta tsatsa. Laoban har dariya ya yi ya ce wannan sai ta binne ni da shi. Na tsaya a bakin titi, masu turin kaya suna ta ce mini in kauce.

Na ce, "Baba, zan tambaya."

Ya ce to, in na ji in kira shi. Ya ware iri a rumbu, kuma irin gero ba ya son dogon ajiya. In abin zai daɗe, gara ya ba su su daka a ci.